Kaba Ba Ta Son Ƙaura: Hira Kan Shuka Ƙodago Daga Abzin Zuwa Gaya

 Wannan ita ce hirar da muka yi a filinmu na daren Laraba. An rubuta ta ne don wanda ba ya kusa da rediyo a ranar, ko wanda batir ya yanke masa ana tsakiyar magana.

Saƙo biyu ne suka jawo ta. Na farko daga wani dattijo makiyayi da ke mashekari a gefen Gulbin Kaba, wajen Mayahi. Ya ce bara ya binne ƙodagon goruba kusa da rijiyar da yake shayarwa, ya jira wata biyu bai ga ko tsinke ba. Da ya gaji sai ya tona. Ya tarar da wani farin abu kamar igiya ya fito daga ƙodagon ya nutse ƙasa, ya ja shi don ya ga ƙarshensa, abin ya tsinke. Tambayarsa ita ce, ko irin ne ba shi da kyau? Na biyu daga wani ɗan tireda ne da ke kai-komo tsakanin Maraɗi da Jibiya. Ƙanensa da ke aiki a Oran, can arewacin Aljeriya, ya kawo masa 'ya'yan wata gajerar kaba da Larabawan wurin ke kira dum. Ya shuka rabi a fadama da damina, duk suka ruɓe. Yana tambaya, me zai yi da sauran?

Baba, ka yi mani gafara, ni ɗanka ne a wannan harka, amma irinka lafiya lau yake. Abin da ka tsinke shi ne shukar.

Bari mu fara daga abin da yawancinmu muka sani amma ba mu cika tsayawa mu yi tunaninsa ba. Kabar da ke kwance a gona, wadda ba ta wuce gwiwa ko ƙugu ba, ba wani tsiro ne daban ba. Goruba ce da ba a bari ta tashi ba. Wuƙar mai yankan kaba ta bi ta, baƙin akuya ya bi ta, gobara ta bi ta, manomi ya zo sassabe ya daddatse ta. Ita kuwa zuciyarta tana ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ba ta mutuwa, sai dai ta yi ta 'ya'ya a gindi tana faɗi maimakon tsawo. In ka ga fili cike da kaba babu goruba tsayayya ko ɗaya, to abin da kake gani ke nan. Kuma a nan matsalar take, domin kaba a kwance ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Tsayayyu ne ke ba da iri, su kuwa tsufa suke yi, ana kuma sare su don azara. Ranar da ta ƙarshe ta faɗi a yankinku, sai dai ku sayo ƙodago a kasuwa.

Kai da kake kiwo, ka lissafa abin da ke hannunka na kaba. Igiyar guga, dabaibayin raƙumi, takunkumin maraƙi, malfar da ke kanka, tabarmar da kake salla a kanta. Ke kuma uwar gida, faifai da sanho da tsintsiya. Kai ɗan tireda, ka tuna dammunan kaba da tabarmin da ake lodawa daga ƙasar Mayahi da Tasawa ana tsallaka iyaka da su. Da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare ƙaf, ganyenta na cikin ɗan koren da ya rage wa dabba. Ba ƙaramin abu ba ne kwari guda ya ci sunan tsiro, kuma Gulbin Kaba bai samu sunan nan a banza ba.

To, yaya goruba take fitowa daga iri?

Gero in ka shuka shi, kwana uku ko huɗu ya leƙo. Goruba ba haka take ba. Ita ƙasa take fara yi. Ƙodago ya fitar da wannan farin abu da Baba ya gani, ni ina kiransa cibiya, domin aikin cibiya yake yi. A ƙarshensa ɗan tsiron yake, cibiyar tana tura shi can cikin ƙasa inda akwai laima da sanyi, tana kuma shayar da shi daga abincin da ke cikin ƙodagon. Tana iya nutsewa kamu ɗaya ko fiye. Sai ya zauna daram, ya sa saiwa, sannan ya turo ganye sama. Wannan aiki yana cin watanni, kuma duk a ɓoye. Kai kana sama kana cewa iri ya mutu, shi kuwa yana ƙasa yana gina gida. Hausawa da suka ce murucin kan dutse ba ka fito ba sai da ka shirya, sun lura da wannan hali ne a wurin giginya, kuma goruba 'yar'uwarta ce a nan.

Daga wannan hali ne duk sauran sharuɗɗan suka fito. Babban cikinsu shi ne, ka shuka ta inda za ta zauna har abada. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa a Nijar, za ka ga ana rarraba dogon yaro da mangwaro a 'yan ledoji, kowa ya ɗauka ya kai gida. Goruba ba ta shiga wannan layi. In ka sa ƙodago a gajerar leda, cibiyar za ta bugi ƙasan ledar ta nannaɗe, ko ta huda ta shiga ƙasa, ranar da ka ɗaga ka tsinke ta. In dole sai an raine ta a gida, to a samu dogon mazubi, kamar buhu da aka ɗinke shi siriri ya kai tsawon hannu, a kuma dasa ta da ƙasarta gaba ɗaya ba tare da an taɓa saiwar ba. Ni dai a ganina wahala ce da ba ta zama dole ba. Ƙodago ba tsada gare shi ba, ka kai shi wurinsa kai tsaye.

Wajen zaɓen iri, ka nemi goruba nunanniya wadda ta faɗo da kanta, ja mai sheƙi, ba ɗanyar da yara suka jefo ba. A cire ɓawon da naman nan mai zaƙi. Wannan ba aiki ba ne mai wuya, ka ba yara su gwaigwaye maka, su ne gwanaye. Ka duba ƙodagon da kyau, in ka ga 'yar huda kamar ta allura ko ta ƙusa, ƙwaro ya riga ka, jefar. Sauran ka jiƙa su a ruwa kwana biyu ko uku, kana canza ruwan kullum don kada ya yi tsami. Akwai masu fasa ƙodagon su fito da farin ƙwallon ciki, kuma gaskiya ne hakan yana sa shi saurin tsira. Amma bugu ɗaya in ya wuce ƙima ka kashe shi, sannan ka tuɓe masa rigar da ke kare shi daga gara da ruɓa. Wanda bai saba ba ya tsaya a kan jiƙo.

Sai rami, ba mai zurfi ba, kamar faɗin tafin hannu na ƙasa a samansa ya isa. Ka kwantar da shi a gefe, ka sa biyu ko uku a wuri ɗaya don ba duka ke fitowa ba. Ka rufe, ka taka. Sannan ka yi alama da dutse ko turke, domin bayan wata uku kai kanka ba za ka tuna wurin ba. Ka kuma sani ganyen farko ba ya kama da kaba. Guda ɗaya ne siriri kamar takobi, mai noma zai iya ɗaukarsa ciyawa ya sa masa hauya, akuya kuwa ba ta tambaya. Ka kewaye shi da ƙayar magarya ko ta aduwa tun kafin ya leƙo, ka riƙa sabunta ƙayar har shekara biyu ko uku.

Akwai wani abu da ba a gane shi daga ƙodago. Goruba akwai mace akwai namiji, kowace a itacenta daban, kamar dabino. Namijin fure kawai yake yi, macen ce ke 'ya'ya, kuma ba ka sanin wadda ka samu sai ta girma. A wuri mai kyau ma sai ta haura shekara shida kafin ta fara. Saboda haka wanda ya shuka guda ɗaya caca ya yi. Ka shuka da yawa.

Yanzu maganar ƙasa da yanayi, domin masu saurarenmu ba wuri ɗaya suke ba.

Goruba ba ruwan sama ne ya dame ta sosai ba, ruwan ƙasa take nema. Agadas ba ta samun ruwan da ya kai milimita 200 a shekara, amma ka bi ƙoramun Abzin ka ga goruba a jere. Me ya riƙe ta? Ruwan da ke kwance ƙarƙashin yashin ƙorama. Haka abin yake a kwarurukan ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Soroa, inda goruba ke zagaye kwari kamar zobe, tudun rairayi na bayanta. Haka a bakin Komadugu, ta gefen Diffa da ta gefen Gashuwa. To ma'aunin da zan ba ka ba ya buƙatar na'ura: ka dubi igiyar rijiyarku. In gajera ce, goruba za ta yi. In rijiyar sai an ja da raƙumi ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya fito, kada ka wahalar da kanka a kan wannan tudu. Ka gangara kwari, ko ka nemi inda ruwa ke kwanciya kwana biyu bayan an yi sama.

Ku na arewa, abin da zai ba ku matsala shi ne sanyi da ƙarancin damina. Ƙodago yana son ƙasa mai ɗumi. In ka binne shi da hunturu, lokacin da dare ke sa mutum ya kwana a bakin wuta, zai zauna shiru ne kawai har zafi ya dawo, in ɓera bai same shi ba. Gara ka jira zafi, ka sa shi kusa da magudanar lambu ko inda ruwan kwalaye ke malala a bakin rijiya, ta yadda ƙasa ba za ta bushe ba har cibiya ta kai laima. Amma ba daidai inda shanu ke tattakewa ba.

Ku na tsakiya, ƙasar Maraɗi da Damagaram da arewacin Katsina da Daura, inda ruwan shekara ke kaiwa wajen milimita 500 ko ya ɗan fi, lokacinku shi ne farkon damina, da zarar ƙasa ta jiƙu sosai. Kada ka bari sai Agusta ya yi nisa. Kana so cibiyar ta samu damina guda cur tana bin laima ƙasa, domin in kaka ta yi, saman ƙasa ya bushe, ita ta riga ta wuce wurin.

Ku kuma na kudu, kamar Gaya da Kamba da Malanbil, inda ruwa ke kaiwa wajen milimita 800, goruba tana yi, amma ƙasar giginya ce. Duk wanda ya bi Dallol Mawuri ya ga dajin giginyar da ke can. Ita ma a inda za ta zauna ake shuka ta, ita ma ƙasa take fara yi, kuma murucin da kuke saye dafaffe a tasha ɗan giginya ne da aka tone kafin ya fito. Sai dai ta fi goruba son ruwa, ta kuma fi ta jinkiri nesa ba kusa ba. An ce inuwar giginya na nesa ka sha. To wanda ya shuka ta ma, sau da yawa na nesa da shi a shekaru ne ke cin azararta. A irin wannan ƙasa mai laka, in za ka sa goruba, ka guji inda ruwa ke kwanciya wata guda, ƙodagon zai ruɓe kafin ya motsa.

Wannan ya kawo mu ga ɗan'uwanmu ɗan tireda da irinsa na Oran.

Malam, sunan ne ya ruɗe ka, kuma ba laifinka ba ne. A Masar da Sudan, in Balarabe ya ce dum, gorubarmu yake nufi. Tsohuwar abokiyar mutanen can ce, har a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a 1922 an samu 'ya'yanta. Amma a Maroko da arewacin Aljeriya da Tunisiya, dum wata kaba ce daban. Ita gajera ce tun asali, ba wuƙa ce ta hana ta tashi ba. Tana yin kurmi a gindi ɗaya, sandar ganyenta da ƙaya, ganyen kamar mafici, kuma ko an bar ta ba ta cika wuce tsayin mutum biyu ba, ba ta kuma rabuwa biyu a sama yadda goruba ke yi. Tana fitowa da kanta har a Sifaniya da Fotugal da Italiya, tana cikin 'yan uwan dabino biyu kacal da suke 'yan asalin Turai. Mutanen can suna saƙa kwanduna da igiya da tabarmi da ita kamar yadda muke yi da tamu, har an yi zamanin da ake fitar da zarenta daga Aljeriya da Maroko zuwa Turai ana cusa katifu da kujeru.

To me ya ruɓar da naka? Kalandarta da tamu a juye suke. A bakin tekun Bahar Rum, da sanyi ake ruwa, da zafi kuma ƙasa ta bushe ƙamas. Ita ta saba da ruwa mai sanyi a kan gangaren dutse inda ba ya tsayawa. Tana jure sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, akwai ma wani irinta mai ganye fari-fari da ke hawa duwatsun Atlas har kusan mita 2,000. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne zafi da laka da ruwa kwance a lokaci ɗaya, wato daidai abin da fadamarmu ke bayarwa a watan Agusta. Ka kai ta inda ta fi ƙi.

Sauran da ke hannunka, ka yi musu haka. 'Ya'yan ƙanana ne, ba su kai dabino ba, kuma in sun nuna suna da wani wari kamar na man shanun da ya daɗe. Ka wanke naman tas, ka jiƙa ƙwallon kwana ɗaya ko biyu. Ita wannan ta yarda da tukunya, ba kamar goruba ba. Ka samu tukunya mai huda a ƙasa, ka cika ta da yashi da ɗan taki kaɗan, ka binne ƙwallon zurfin gaɓar yatsa. Ɗumin da take so wajen digiri 25 zuwa 30 ne, saboda haka ƙarshen damina ko wajen ƙarshen hunturu ya fi mata tsakiyar bazara. Ka ajiye a inuwa mai haske, ƙasa ta kasance da laima amma ba caɓi ba. Wata ɗaya zuwa uku za ka ga ganye, wani ma ya fi haka. Amma in gaya maka gaskiya, abin ado za ka samu a tsakar gida, ba abin sana'a ba. Jinkirin girma gare ta ƙwarai. In kaba kake so ta saƙa ko ta sayarwa, wadda ke bayan garinku ta fi ta sanin ƙasar nan.

Kuma ina roƙonka, da duk mai ɗan'uwa a can arewa, kada a kawo mana dashe da ƙasarsa. Akwai wata cutar dabino da ake kira bayud, a cikin ƙasa take zaune, ta kashe miliyoyin itatuwan dabino a Maroko da Aljeriya, kuma ta hanyar dashe da ƙasa da kayan dabino take tafiya. Ka tuna masu lambun dabino na Ingal da Abzin da Bilma. Tsiro ɗaya a cikin gwangwani, a ƙarƙashin kujerar mota, zai iya zama musu masifar da ba ta da magani. In ma'aikatan bakin iyaka suka tare shuka suka nemi takarda, wannan karon kam suna da hujja.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai nauyi. A ƙasarmu wanda ya shuka itace kamar ya kafa tuta ne. Kai makiyayi in ka tashi kawai ka binne ƙodago a gefen gonar wani, ko kai manomi ka jera shi a cikin burtali, ba itace ka shuka ba, rigima ka shuka, kuma ita tana riga ganyen fitowa. A fara zama da mai gari da arɗo da kwamitin filaye. In an yarda, ni ban ga abin da ya kai goruba dacewa da bakin burtali ba. Turke ana tuge shi da dare, dutse ana mirgina shi, amma goruba in ta kafu ko an ƙone ta a nan za ta sake fitowa. A rubuta tun farko wa ke da ganye, wa ke da 'ya'ya, kuma a wane wata dabba za ta shiga.

Ga wanda ke da kaba a gonarsa tuni, ba ka ma buƙatar iri. Sassaben zamani, wanda ya bazu daga ƙasar Maraɗi tun shekarun 1980, yana aiki a kanta. A kowane kurmi ka zaɓi ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ka ɗaura musu tsumma don kowa ya gane, a daina taɓa su. Sauran a ci gaba da yanka, amma ban da kwashe ganye duka, kuma mai yankan farin ganyen tsakiya kada ta zurma wuƙa har zuciya. Wadda aka bari tana da saiwa ta shekaru a ƙasa, za ta riga ta ƙodago tashi. A Nijar goruba da giginya suna cikin itatuwan da doka ta kare, ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka kan sassaben zamani wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Ka je ka sanar da su tun tana ƙarama, don kada ranar da ta girma a yi maka gardama.

Baba na wajen Mayahi, in akwai ramukan da ba ka tona ba bara, ka koma ka duba su bayan ruwan farko, mai yiwuwa ka tarar da ɗan takobin nan ya leƙo. In ka gan shi ka sa ƙaya, ka kuma sa yaro ya aiko mana da saƙo ranar Laraba, mu gaya wa jama'a wata nawa ya ɗauka a ƙasarku.